Ruwan da ya taru a cikin Inna: daga Argungu zuwa Sakkwato

A azumin bara na fara lura Inna ba ta iya shanye kofin kunu ɗaya. Mace ce da in an sha ruwa takan ci malmalar tuwon shinkafa biyu ta tashi ta yi asham a tsaye, amma a wannan karon sai ta kurɓi kunu sau uku ta ture kofin ta ce cikinta ya cika. Muka ɗora laifin a kan zafin Argungu da wahalar azumi. Bayan ƙaramar Sallah sai abin ya sake salo: fuska da damatsa suna ramewa, ciki kuma yana fitowa, har zanen da take ɗaurawa ya daina kaiwa inda ya saba kaiwa. Shekarunta 57, al'ada ta ɗauke mata shekara bakwai da suka wuce. Ni ce babbar 'yarta mace, ina koyarwa a makarantar firamare, kuma ni na riƙe jakar takardunta tun daga ranar farko. Kusan wata huɗu muka yi muna kokawa da ruwan da ke cikinta ba tare da mun tambayi daga ina yake fitowa ba, kuma wannan jinkirin ne ya sa na zauna rubuta abin da muka gani.

Wurin farko da muka je kemis ne na unguwa. Mai shagon ya ji bayani ya ce olsa ce, ya haɗa mana farin ruwan magani da ƙwayoyi na mako biyu. Ba ta ji sauƙi ba. Ana cikin haka mata masu zuwa dubiya suka fara kawo nasu fassarar. Wata ta ce kwantaccen ciki ne ya tashi, wata ta ce shawara ce, wata ta rage murya ta ce a bincika ko jifa ne, tunda sana'ar Inna ta gyaran shinkafa ta fara kawo mata rufin asiri. Aka kawo rubutu, aka kawo jiƙe-jiƙe. Addu'a ba mu taɓa sake ta ba har yau, amma saiwoyin nan sun ƙara mata amai ne kawai. Akwai kuma abu ɗaya da ya cire mana tunanin cutar kansa, wato sankara, gaba ɗaya: shekara biyu kafin nan an yi gwajin mata kyauta a garinmu, Inna ta je, aka ce lafiyarta ƙalau. Sai daga baya na gane wannan gwajin bakin mahaifa kaɗai yake dubawa. Ma'ajiyar ƙwai tana can ciki, a gefen mahaifa dama da hagu, kuma gwajin bakin mahaifa ba ya ganin abin da ke faruwa da ita. Cutuka biyu ne daban, ko da yake a bakin mutane duk "kansar mahaifa" ake ce musu.

Da numfashi ya fara yi mata wuya in ta kwanta, sai yayana ya kai mu wani ƙaramin asibitin kuɗi. Wanda ya duba ta ya ɗora tafin hannu a gefen cikin ya ƙwanƙwasa ɗaya gefen, ya ce ruwa ne, kuma irin wannan daga hanta yake zuwa. Ya rubuta maganin sa fitsari, ya soka allura a ƙasan cibiya ta gefe ya haɗa da roba, ruwa mai kalar fitsari ya riƙa zuba cikin bokiti har kusan lita uku. Ina tsaye aka ɗauki bokitin aka juye a makwarara. A daren nan Inna ta ci abinci, ta yi barci a kwance, muka yi ta godiya ga Allah muna cewa ciwo ya fita. Kwana goma sha biyu ciki ya koma yadda yake. Muka koma, aka sake zuƙewa, aka sake zubarwa, muka sake biya. A karo na uku ƙafafunta sun kumbura, in ka danna yatsa sai ya bar rami, ita kuma ko buta ba ta iya ɗagawa. Har yau in na tuna bokitin nan raina yakan ɓaci, domin amsar da muke nema tana cikin ruwan da ake zubarwa, kuma ba wanda ya ɗebi ko kwalba ɗaya ya kai ɗakin gwaji.

Bayan babbar Sallah da mako guda muka tafi Birnin Kebbi. Na sayi kujeru biyu na gaba a tasha don Inna ta samu ta jingina, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba amma sau biyu muna roƙon direba ya tsaya. Wanda zai je babban asibiti ya yi sammako. Mun isa kafin ƙarfe takwas, muka yanki kati, aka buɗe fayil, muka zauna a benci har bayan azahar kafin a kira mu. Likitan da ya gan mu matashi ne, kuma shi ne mutum na farko da ya ce mana ruwan ciki alama ce, ba ita ce cutar ba. Ya lissafa abubuwan da kan kawo shi: ciwon hanta mai sa ta ƙanƙance, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, tarin fuka da kan kama ciki maimakon huhu, sai kuma kansa. Ya ce sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗebi jini don gwajin hanta da ƙoda da yawan jini, aka ba mu takardar hoton ciki na washegari, aka ce ta sha ruwa ta riƙe fitsari kafin a shiga, domin mara in ta cika an fi ganin mahaifa da abin da ke gefenta. Ga mai cikin da ya riga ya cika, riƙe fitsarin nan azaba ce, don haka ku tambaya tun da wuri mutum nawa ke gabanku kafin ta fara shan ruwan.

Mai ɗaukar hoton ya daɗe yana yawo da na'urar a ƙasan mara, ya yi shiru, ya kira wani ya zo suka duba tare. Hanta lafiya lau take. A gefen hagu na mahaifa kuwa akwai ƙari mai girman lemun zaƙi, a dama ma akwai ƙarami. Daga nan aka tura mu ɓangaren likitocin mata, kuma ranar ganinsu daban ce, sai da muka kwana biyu a gidan wata ƙawata. Likitar matan ta rubuta wani gwajin jini mai suna CA-125. Ta ce a mai lafiya yawanci ba ya wuce 35. Na Inna ya haura dubu. Na ji ƙafafuna sun yi sanyi, amma ta ce kada in yanke hukunci tukuna, domin tarin fuka na ciki da ciwon hanta da wasu cutukan mata su ma suna ɗaga wannan lambar, kuma a ƙasarmu tarin fuka na ciki yakan yi kama da wannan kansar sosai. Aka ɗebi ruwan cikin, wannan karon a kwalabe masu suna da lambar fayil, ɗaya don neman tarin fuka, ɗaya don a duba ƙwayoyin da ke yawo a ciki. Na tarin fuka ya fito babu. Na biyun ya ɗauki kwana goma, ya dawo ba tare da tabbas ba, sai aka sake ɗiba da yawa. Sakamako na biyu ya nuna ƙwayoyin sankara. Aka rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin koyarwa a Sakkwato, inda ake da likitocin kansa.

A Sakkwato muka sauka gidan kawunmu a Mabera. Sabon kati, sabon fayil. Takardar turawa ita ce mabuɗi, kuma sun nemi ainihin sakamakon kowane gwaji, don haka kafin in miƙa komai sai da na yi kwafi biyu-biyu na kuma ɗauki hotonsu a waya. Aka ce a yi hoton CT na ciki da ƙirji. Kafin shi sai an duba ƙoda, saboda ruwan da ake sawa a jijiya don hoton ya fito ta ƙoda yake fita, kuma ana zuwa ne ba a ci komai ba. Kuɗin wannan hoton kaɗai ya cinye albashina na wata da ɗoriya. Muka karɓi sakamako bayan kwana uku, muka jira ranar asibitin likitan.

Zaman da muka yi da wannan likitan shi ne ya warware mini duk abin da ya ɗaure mini kai. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya gaida Inna da "Hajiya, ya jiki?", ya dube ni ya ce, "Malama, ke ce mai riƙe da takardu, matso ki gani." Na ce masa abin da ban gane ba shi ne yadda ƙari yake a mara amma rahoton yana maganar wani abu a saman hanta da kuma kan hanji. Na tambaye shi ko allurar da aka yi ta sokawa ce ta watsa cutar. Ya ce a'a, tun kafin allura ta riga ta yi tafiyarta. Ya juya bayan wata takarda ya zana ciki.

Ya ce akwai wani siririn tantani mai santsi da ya shimfiɗe bangon ciki ta ciki, ya kuma naɗe hanji da hanta da mahaifa. A tsakanin nan kullum akwai ɗan ruwa, a mai lafiya bai kai rabin kofin shayi ba, amfaninsa hanji su riƙa zamewa a kan juna ba tare da gogayya ba. Wannan ruwan ba a tsaye yake ba, yana da hanyar da yake bi. In mutum yana tsaye ko zaune, nauyi yakan gangaro da shi can ƙasan mara, wani ɗan lungu tsakanin mahaifa da hanjin bayan gida. Sai numfashi ya ja shi sama: tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki yana hawa yana sauka dare da rana, kuma duk hawan da ya yi yana zuƙo ruwan kamar famfo. Motsin hanji ma yana tura shi. Ruwan yakan haura ta gefen dama, ta wani kwari da ke gefen babban hanji, har ya kai ƙarƙashin haƙarƙarin dama, saman hanta. Ta hagu akwai wani naɗin tantani da ya tare hanya kamar madatsa, shi ya sa dama ta fi ɗaukar ruwan. A can sama akwai ƙananan ƙofofi a jikin tantanin numfashi da ido ba ya gani, su ke shanye ruwan su mayar da shi cikin jini. Ana zubowa, ana kwashewa, shi ya sa ba ya taruwa.

Sai ya ɗiga alƙalami a kan ma'ajiyar ƙwai. Ya ce ita a buɗe take cikin wannan fili, ruwan yana wanke ta kullum, haka ma bakin bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, inda yanzu likitoci suka gano da yawa daga irin wannan kansar take farawa. Wasu kansoshin sai sun huda jijiyar jini kafin su yi nisa. Wannan kuwa ba ta buƙatar haka: ƙwayoyinta sukan ɓalle daga jikin ƙarin su faɗa ruwa, ruwa ya ɗauke su, duk inda ya lafa su sauka su kama. Ya yi ɗigo-ɗigo a ƙasan mara, a gefen dama, a saman hanta, daidai wuraren da rahoton hoton ya ambata. Sannan ya tambaye mu ko mun san farin kitsen nan mai kama da raga da ake yayewa daga kan tumbi ranar layya. Makonni kaɗan kafin nan na gan shi a hannun mahauci a tsakar gidanmu. Ya ce mutum ma yana da irinsa, yana rataye daga tumbi ya lulluɓe hanji, kuma nan ne masaukin da ƙwayoyin suka fi so, domin aikinsa tace abin da ke yawo a ruwan ciki, ga kuma kitse da suke samun abinci a jikinsa. Na Inna ya yi kauri ya taurare, shi ne abin da take ji kamar faifai a saman cibiya.

Inna da ta yi shiru tun farko sai ta taɓa ni ta ce, "Mi yac ce, ɗiyata?" Na maimaita mata da sauƙi. Ta gyaɗa kai ta ce, "To ai kainuwa ce. Ruwa ka ɗauko ta, inda yal lahwa nan taka zama." Wanda ya taso a bakin fadamar Argungu ya san haka: in ruwa ya yi ambaliya ya janye, a kusurwar da ya daɗe yana kwance nan za ka tarar da tarin abin da ya kwaso. Likitan ya ajiye alƙalami ya ce, "Hajiya, kin riga ɗalibaina ganewa."

Saura tambayar da ta fi damuna: me ya sa rabin kofi ya zama bokiti? Ya ce abu biyu ne suka haɗu. Ƙwayoyin da suka isa sama sun toshe ƙofofin da ke kwashe ruwan. Sannan ƙarin da kansa yana fitar da wani sinadari da ke sa ƙananan jijiyoyin jini su riƙa yoyo. Ana ƙara zubowa, mafita ta toshe. Ruwa in ya yi yawa kuma yakan kai ƙwayoyin lungunan da da bai isa ba. Nan na gane dalilin da maganin sa fitsari bai yi mata komai ba, domin shi ya fi aiki a ruwan da ciwon hanta ko zuciya ya kawo. Na kuma gane dalilin kumburin ƙafa da rashin ƙarfi: ruwan nan cike yake da sinadarin gina jiki, duk bokitin da aka zubar da ƙarfin jikinta aka zubar. Bai ce zuƙe ruwa laifi ba ne. Ya ce ana yi don mutum ya samu numfashi ya iya cin abinci, a hankali, ana duba bugun jini, amma sauƙi ne na kwanaki. Hoton ƙirjin kuma an yi shi ne saboda ruwan yakan tsallaka ta tantanin numfashi ya taru a gefen huhu, galibi na dama. Na Inna bai tsallaka ba. Ya ce matakan cutar huɗu ne: na 1 tana ma'ajiyar ƙwai kaɗai, na 2 ta bazu a mara, na 3 ta hau cikin ciki, na 4 ta fita zuwa ƙirji ko cikin wasu sassan jiki. Inna tana na 3, kuma a nan ake gano yawancin mata, saboda alamun farko ba su wuce kumburi da saurin ƙoshi da yawan fitsari ba.

Na yi zaton tiyata za a yi nan take. Ya ce da yadda cutar ta watsu da yadda jikinta ya yi rauni, gara a fara da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, sau uku, a yi aiki, a ƙarasa sau uku. Magunguna biyu ne, Paclitaxel da Carboplatin, ta ƙarin ruwa, duk bayan mako uku. A daren nan muka yi taron gida ta waya. Yayana ya sayar da shanun huɗa biyu, ni na sayar da 'yan kunnena na zinare, ƙannena suka fitar da buhunan shanshera da aka ajiye don rani. Kowane zagaye, in aka haɗa magani da gwaje-gwaje da kuɗin mota, yana kai albashina na wata biyu. Wanda zai shiga wannan hanya ya lissafa zagaye shida da tiyata tun farko, kada ya tara na zagaye ɗaya ya ce Allah zai kawo na gaba, domin tsallake lokaci yana ba cutar damar farfaɗowa.

Tsarin kowane zagaye ɗaya ne. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar a yi gwajin jini da na ƙoda, likita ya gani ya sa hannu, a sayi magani, a kai wa nas. Ranar kemo da safe ake zuwa, a fara da allurai na hana amai da hana jiki ƙin maganin, sannan na farko ya ɗauki kamar awa uku yana ɗiga, na biyu kamar awa ɗaya. Kwana uku na bayansa su ne masu wuya: kasala, ciwon gaɓoɓi, baki ba ɗanɗano. Kunun gyaɗa da romon kifi su suka riƙe ta. Mako biyu da zagayen farko na zauna tsefe mata kitso, gashin ya biyo mataji dunƙule-dunƙule. Na juya baya ina share hawaye, ita kuwa ta ce in kawo almakashi, ta ɗaura kallabinta ta ce ba wanda ya taɓa ganin kanta dama sai mu. Yatsunta na hannu da ƙafa suka fara yi mata kamar ana tsira allura, muka faɗa wa likita ya rubuta a fayil yana bibiya. Zagaye na uku sai da aka ɗaga da mako guda saboda jininta ya yi ƙasa, aka yi mata ƙarin leda biyu.

Amma tun bayan zagaye na biyu muka ga abin da ba mu gani ba a wata huɗu: ciki ya fara sauka da kansa, ba allura ba roba. Nas ta koya mini in riƙa auna shi da tef ɗin tela, daidai kan cibiya, da safe kafin ta ci komai, in rubuta a littafi. Lambar tana raguwa mako bayan mako, ta CA-125 ma haka. Maganin ya taɓa masu yoyon da masu toshe hanyar, ruwa ya samu mafita.

Aka yi tiyata bayan damina ta ɗauke. Kafin ranar an nemi mu kawo masu ba da jini, samarin gidanmu huɗu suka zo daga Argungu a mota ɗaya. Likitan sa barci ya duba zuciyarta, aka karanta mana takardar amincewa, Inna ta dangwala yatsa, yayana ya sa hannu a matsayin shaida. Awa biyar muna zaune a baranda, Kawu yana jan carbi, ni ina kallon ƙofa. Da likitan ya fito ya ce sun cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai biyu da bututunsu da kitsen nan mai kama da raga, sun kuma kankare wasu 'yan ƙuraje kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Takardar zanensa tana cikin jakata a lokacin, kuma a daidai wurin ya yi ɗigo wata uku da suka wuce. Ya ce burin aikin kada a bar abin da ido ke iya gani, wanda ido ba ya gani kuma aikin sauran kemo ne. Kwana tara muka yi a gado. Abin da aka cire aka kai ɗakin gwaji, sakamakonsa ya fito bayan makonni, muka ƙarasa zagaye uku cikin hunturu.

Da za a mayar da ni azumin nan, abu na farko da zan yi shi ne in ɗauki saurin ƙoshin da muhimmanci. Mace, musamman wadda al'ada ta ɗauke mata, in ta yi makonni cikinta a kumbure kullum, tana ƙoshi da loma kaɗan, mara na ciwo ko fitsari na matsa ta, a kai ta asibiti a ce a duba mara da hoto, kada a tsaya a olsa. In kuma an ce akwai ruwa a ciki, kada a yarda a zuƙe a zubar ba a ɗebi na gwaji ba, kuma a tambaya da baki: me ya kawo shi? Tambayar ba rashin kunya ba ce, likitocin da suka san aikinsu sun fi kowa son a yi ta. In gwajin farko bai nuna komai ba, ba shi ke nan ba, namu sai a na biyu ya fito. A tara takardu a jaka ɗaya bisa jerin kwanan wata, mutum ɗaya ya riƙe su, shi ne kuma zai riƙa shiga wurin likita kullum, domin mun ga iyalan da yau wannan ya zo gobe wancan, kowa da rabin labari.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu 'ya'ya mata. Likitan ya tambaya ko a dangi an taɓa yin kansar nono ko irin wannan. Sai a lokacin Inna ta faɗa cewa yayarta da ta rasu ina ƙarama, wadda aka ce mana daji ne ya ci ta, a nono ne. Ya ce wani kaso na wannan cutar gado ne, ta wasu ƙwayoyin halitta da ake kira BRCA1 da BRCA2, kuma ana iya gadonsu ta wajen uwa ko ta wajen uba. Na tara ƙannena mata uku na gaya musu, na ce duk wadda ta je asibiti ta ambaci wannan tarihin ko ba a tambaye ta ba. A gidajenmu ana ɓoye sunan ciwo don kunya ko don kada a tsorata yara, kuma ɓoyon nan ya hana mu sanin abin da ya kamata mu sani shekara ashirin da suka wuce.

Likitan bai yi mana alkawarin da ba nasa ba. Ya ce a mataki na 3 cutar takan dawo wa mata da yawa, in ta dawo kuma akwai abin da za a sake yi, shi ya sa za mu riƙa zuwa duk bayan wata uku. Yanzu Inna tana gida, gashi ya fara tsirowa fari tas, yatsun ƙafa ba su gama sakewa ba, ta koma zama kusa da tukunyar turara shinkafa tana ba jikoki umarni. Kowace Juma'a da safe kafin in wuce makaranta nakan biya da tef ɗin tela. Ta ɗaga riga da kanta, in zagaya shi kan cibiya, gefen tabon ɗinkin, in rubuta lambar a ƙarƙashin ta makon jiya. Ta ce, "Nawa na yau?" In faɗa mata. Ranar komawarmu Sakkwato saura kwana goma sha ɗaya, na riga na yi wa direba maganar kujerun gaba.